Telan Bakin Kasuwar Lazaret

Aure ne ya kawo ni Yamai. Maigidana direban taksi ne, ya kama mana ciki da falo a unguwar Lazaret, bayan kasuwa, ni kuma ban san kowa a garin ba sai wata gwaggona mai sayar da atamfa a Babbar Kasuwa. Ita ta ba ni gefen teburinta, daga baya na samu nawa. Amma wanda ya fara sa na ji ni ma ƴar gari ce, wani tsohon tela ne, Bazabarme, mai shago a bakin kasuwar kartiyenmu, wato unguwarmu, jikin mai injin niƙa.

Baba nake ce masa. Hausarsa ta kasuwa ce, bai san "ke" ba. Mace da namiji duk "kai" ne a bakinsa. Ranar da na fara kai masa ɗinki ya murza zanen tsakanin yatsunsa ya ce, "Ɗiyata, kai ne ka zaɓi wannan? To kana da ido." Tun daga ranar, duk matar da ta zo masa tana neman zane mai kyau sai ya kwatanta mata teburina. Da na haifi ɗiyata ta fari, uwata na can nesa a ƙasar Maradi, matarsa ce ta riƙa zuwa da asuba tana dafa min ruwan wanka har na yi arba'in. Na faɗi wannan tun da wuri don kada wani ya ɗauka baƙo na yi wa abin da na yi.

Mu matan layin atamfa muna da gurup a waya. Da farko ba abin da ake yi a ciki sai sanarwar suna da biki da rasuwa, da labarin sabon zanen da ya shigo kasuwa. Yawancin matan ba su yi lakwal ba, wato boko, ni kuwa na kai lise, babbar sakandare, kafin na yi aure. Saboda haka duk rubutun Faransanci da ya faɗo wayar wata, sai ta turo min ta ce in gaya mata abin da aka ce. Da na gaji da amsa wa kowa ɗaya-ɗaya, sai na koma yin bokal, wato in danna waya in yi bayani da murya cikin Hausa in jefa a gurup. Ina da muryar da ba ta gundurar mutum, kuma na iya jera zance. Ban san bokal ɗina na fita daga gurup ɗinmu ba sai ranar da nake cikin faba-faba, motar haya, zan koma gida, na ji muryata na tashi daga wayar wani dattijo a kujerar gaba, tana bayanin dalilin tsadar shinkafa. Motar ta yi tsit ana saurare. Da ya ƙare, wata mata ta ce, "Wannan baiwar Allah ta san abin da take faɗa." Na ja mayafina na rufe baki don kada a ga ina murmushi. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba, kuma daga nan ne abin ya fara shiga kaina.

Da shekarar zaɓe ta zo, wani ɗan siyasa ya biyo ni har teburina. Mutum ne mai fara'a, kullum da waya biyu a hannu, yana ce min Hajiya alhali ko filin jirgi ban taɓa takawa ba. Ya ce ɓangarensu na bukatar murya irin tawa. Da ma can ɓangaren nake so, babana ma shi ya bi har ya rasu, don haka ban ga wani abu a ciki ba. Ya sa ni a wani gurup inda ake turo hotuna da bidiyo da rubutu, ni kuma in mayar da su Hausa in watsa wa mata. Ranar da na yi bokal na kira mata su fito mitin, wato gangamin siyasa, sai da aka rufe rabin layinmu. Na tsaya a bakin fili ina kallon matan da ban taɓa gani ba suna sauka daga mota, wasu da goyo, kuma na san muryata ce ta fito da su daga gidajensu.

A hankali layin atamfa ya rabu. Mu da muke haɗa kuɗin dambu da kopto, wato kwaɗon zogale, da tsakar rana mu ci a kwano ɗaya, sai aka koma kwano biyu. Wadda teburinta ke kallon nawa, mun shekara bakwai muna riƙe wa juna kaya idan ɗaya ta tafi salla, ta fita daga gurup ba sallama, gaisuwarmu ta koma ɗaga hannu. Na lura da duk wannan. Na ce wa kaina su ne ba sa son gaskiya.

Saura ƴan makonni zaɓe, wata ranar Talata da hantsi, bidiyo ya shigo wancan gurup ɗin. Bai kai minti ɗaya ba. An ɗauke shi daga bakin ƙofar wani shagon tela: ƙunshi-ƙunshin atamfar ɗaya jam'iyyar mai hoton ɗan takararsu jibge a ƙasa, da wani kwali a rufe ƙarƙashin tebur. Rubutun da ke ƙasa ya ce cikin kwalin katunan zaɓe ne da aka saye daga hannun talakawan mata, kuma a shagon ake ɓoye su.

Kallo ɗaya na yi na gane wurin. Na ga fankar da aka ɗaure wuyanta da waya, na ga bencin da na sha zama a kai ina jiran ɗinki, na ga ƙeyar Baba da hularsa, ya sunkuya kan keke bai ma san ana ɗaukarsa ba. Na kuma san Baba ba ruwansa da jam'iyya. Duk wanda ya kawo masa ɗinki zai ɗinka. Rigunan da muka sa ranar namu mitin ɗin ma shi ya ɗinka su, ni da kaina na kai masa yadin.

Na ajiye wayar na sallami masu saye biyu. Sai ɗan siyasar nan ya kira.

"Hajiya, kin ga abin da suke yi? Mata na jiran muryarki."

Na ce, "An tabbata kati ne a cikin kwalin?"

"Haba Hajiya, sai sun buɗe mana? In kina da aiki bari in ba wa wata, akwai mai kayan miya a ƙaramar kasuwa, ita ma yanzu ana jin ta sosai."

Na san matar da yake nufi. Kwanakin nan bokal ɗinta ya fara shigowa har gurup ɗinmu, kuma na ji wasu na cewa ta fi ni zafi. Da zan ce tsoro ne ya sa ni, ko an tilasta min, da na samu abin fakewa. Ba haka ba ne. Ban so a ji labarin daga bakin wata ba.

Na shiga bayan tarin atamfa inda hayaniya ba ta kai sosai, na danna waya. Sau uku na yi shi. Na farko ya fito a sanyaye, na goge. Na biyu na yi tuntuɓen harshe. A na uku ne muryata ta yi rawa daidai inda nake so ta yi, wurin da na ce ana sayen ƴancin uwa da zane ɗaya. Ban faɗi sunansa ba. Na ce dai wani tela ne a bakin kasuwar Lazaret, jikin mai niƙa. Tela ɗaya ne a jikin mai niƙa, kuma na san haka. Na tura, na ce a yi partaje, a watsa shi don Allah, na koma na ci gaba da auna yadi.

Bayan la'asar na sauka a bakin kasuwar kartiyenmu na tarar da mutane cike da hanya. An riga an gama. Atamfa a watse cikin ƙasa, an tattake ta. Keken ɗinki ɗaya na kwance a gefensa, ɗayan an jefa kansa cikin kwata. Kwalin nan na tsakiyar hanya a yage, abin da ke ciki ya zube: maɓallai, zare, zif, da ƙyallayen da Baba ke tarawa yana ba mata su yi tsumma. Wasu samari na tsaye suna kallon maɓallan kamar ba su ne suka fasa kwalin ba. Mai niƙa yana ba da labari da ƙarfi, yana cewa samarin fada biyu ne, wato majalisun shan shayi na matasa, suka zo da waya a hannu suna kunna wani bokal, tsohon ya tare ƙofa suka ture shi ya faɗi kan hannunsa, sai da ƴan sanda suka zo suka ɗauke shi zuwa komisariya, ofishinsu.

Ban tsaya ba. Na bi ta lungun baya na shige gida, na kashe wayar.

Washegari da safe ina zuba wa maigida koko ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Jiya sau huɗu na ji muryarki a cikin motata. Fasinja daban-daban."

Na ci gaba da zuba kokon.

"Kin san shagon wa ne?"

"Ai ban faɗi suna ba."

"Ban tambaye ki ko kin faɗi suna ba."

Ya ajiye kofin bai sha ba, ya ɗauki makullinsa ya fita. Sai daga baya na ji a bakin mai niƙa cewa ranar bai yi aikin safe ba. Shi ya ciro kan keken daga kwata, ya sa kekunan biyu a bayan taksinsa ya kai wa mai gyara, sannan ya wuce komisariya ya dawo da Baba gida, don ƴan sanda ba su samu komai a kansa ba. Har yau bai taɓa gaya min wannan da bakinsa ba.

Kwana biyu bayan nan, da hantsi, matar Baba ta yi sallama a gidanmu. Na shimfiɗa mata tabarma, ba ta zauna ba. Na kawo ruwa, ta ce ta ƙoshi. Ta gaishe ni gaisuwa cikakkiya, ta tambayi yara, ta tambayi kasuwa. Sannan ta miƙo min baƙar leda. Yadin rigar lakwal ɗin ɗiyata ne da na kai wa Baba makon da ya wuce, an yanka ba a haɗa ba, da alamar alli a jiki.

Ta ce, "Ya ce a kawo miki, kada yarinya ta rasa abin sawa. Hannunsa ba zai yi aiki ba yanzu."

Na buɗe baki zan yi magana, ta ce, "Sai an jima," ta juya. Na tsaya riƙe da ledar har ta fice daga zaure.

Ranar na kira ɗan siyasar na ce zan yi wani bokal in faɗi cewa ba kati a kwalin. Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, bari a wuce zaɓe tukuna. In kika yi haka yanzu, makami kika ba su." Na ce mutum ne aka ji wa ciwo. Ya ce za su duba lamarinsa daga baya. Duk da haka na yi. Wannan karon sau ɗaya na yi shi, na faɗi cewa na yi magana a kan abin da ban gani ba, telan nan ba shi da laifi, ni ce mai laifi. Kafin azahar an cire ni daga wancan gurup ɗin. A namu na layin atamfa kuwa, mutum uku ne suka amsa. Ɗaya ta ce Allah ya yafe mana. Biyu suka tambayi nawa aka ba ni na juya.

Bokal ɗina na farko ya zaga gari cikin yini ɗaya. Na biyu bai je ko'ina ba, sai da mutanen ɗaya ɓangaren suka same shi. Su ne suka watsa shi, suka haɗa da nasu zancen, wai ga yadda baƙi ƴan gabas ke zuwa garin mutane suna cin mutuncin dattawansa. Namu suka mayar da martani da abin da ya fi wannan muni. Cikin mako ɗaya maganar ta tashi daga kati da tela ta koma ta Hausawa da Zabarmawa, a kartiyen da kusan kowane gida akwai auratayya tsakaninsu. Ba wanda ya ƙara tambayar hannun tsohon.

Sai da na yi kwana tara kafin na iya zuwa gidansa. Kullum in shirya, in kai bakin layinsu, in wuce kamar wani wuri za ni. A rana ta tara maigida ya tsayar da mota a ƙofar gidan ya ce, "Sauka. Zan dawo in ɗauke ki."

Na same shi a ƙarƙashin rumfa, hannun dama a ɗaure da itace da ƙyalle, tabaransa an liƙe ƙafarsa ɗaya da zare. Na durƙusa nesa da tabarmar na gaishe shi. Ya amsa kamar kullum, ya ce in matso. Matarsa ta leƙo daga madafa ta koma.

Na fara jero abin da na shirya faɗa, ya ɗaga hannun hagu.

"Ɗiyata, tsaya. Kowa ya ji maganar nan, ni ban ji ba. Wayata ƙarama ce, ba ta yin wannan. Ranar ma ihu ya yi yawa. Kana da shi a wayarka?"

Na ce ina da shi.

"To sa min in ji."

Na roƙe shi ya bar zancen. Ya ce a'a, yana so ya ji abin da ya sa yaran da ya ɗinka wa kayan suna suka ture shi. Na ciro wayar, na ajiye a kan tabarma tsakaninmu na kunna. Minti biyu da ƴan kai ne, amma ban taɓa zaman da ya kai shi tsawo ba. Muryata ta cika gidan, a gyare, da ƙarfinta, har wurin nan da ta yi rawa. Ƙarar turmi ta tsaya a madafa. Shi kuwa ya karkata kai yana saurare da kyau, yadda yake yi idan mace na kwatanta masa irin wuyan rigar da take so.

Da ya ƙare ya ce, "Akwai kalma ɗaya ban gane ba. Mene ne ɗan kanzagi?"

Na ce, "Baba, don Allah."

"Gaya min. Hausata ba ta kai nan ba."

Dole na fassara masa zagin da na yi masa, da bakina, ina kallon ƙasa. Na ce shi ne mutumin da ke shiga abin da ba nasa ba, yana yi wa wasu aiki don a ba shi ɗan abu. Ya gyaɗa kai.

"Ka ga kati a shagona?"

"Ban gani ba."

"Da ka ga hoton, ka san shagona ne?"

Nan ne na so in yi ƙarya. Da na ce ban gane ba, na san zai karɓa, don yana so ya karɓa. Na ce, "Na sani, Baba."

Ya sunkuyar da kai. Yana kallon hannunsa da ke ɗaure. Can ya ce, "Na yi ta gaya wa tsohuwa ba ka gane ba ne. Na ce hoton waya ƙarami ne." Ya cire tabaran ya goge ido da bakin riga. "To. Ni na yafe, saboda Allah, ni ma ina so a yafe min. Amma ita ban da iko da zuciyarta. Tashi ka je, rana ta yi."

Ban yi kuka a gabansa ba, na ga ba ni da wannan hakkin. Sai da na shiga mota. Maigida ya miƙo min ƙyallen da yake goge gilashi da shi, ya ja muka tafi.

Zaɓe ya zo ya wuce. Ɗan siyasar bai ƙara biyowa ta teburina ba, lamarin Baba kuma ba wanda ya duba. An gyara keke ɗaya, ɗayan bai gyaru ba. Hannun ya warke amma yatsu biyu sun ƙi lanƙwasa, ga shi mutanen kartiye, har waɗanda suka san gaskiya, sun rage kai masa ɗinki, wasu don kunya, wasu don har yanzu suna cewa ba a rasa wani abu ba. Bai sake buɗe shagon ba. Yanzu mai sayar da caja da murfin waya ne a wurin. Bayan damina babban ɗansa ya zo ya kwashe su ya mayar da su wurinsa a ƙetaren kogi.

Ni kuma na daina bokal. Ba wani alwashi na ɗauka ba, in na danna wayar ne maganar ba ta fitowa. Mata na kawo min rubutu har yanzu, in karanta musu a tsaye a bakin tebur, in ban sani ba in ce ban sani ba. Wasu sun ce na yi sanyi. Wadda teburinta ke kallon nawa ta dawo tana riƙe min kaya idan na tafi salla, amma ba mu taɓa tayar da zancen ba.

Sau ɗaya na je ƙetaren kogi. Na zaɓi atamfa mafi kyau a teburina na kai wa matarsa, da kilishi na Baba. Baba ya ji daɗin ganina, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya nuna min jikokinsa. Ita ma ta karɓi zanen da hannu biyu, ta kawo min shinkafa da miya, ta zauna kusa da ni har na ci. Amma duk abin da na faɗa da Hausa, da Zabarmanci take amsa min. Shekara goma sha biyar muna tare, da Hausa take min magana, don ta san ban iya nasu ba. Ni kuwa duk zaman da na yi a garinsu ban taɓa damuwa in koya ba, ban wuce fofo, wato sannu, da ƙirgen kasuwa ba. Na zauna ina gyaɗa kai ga maganar da ban fahimta ba, surukarta na fassara min wani ta bar wani. Da la'asar na yi musu sallama, ta rako ni har bakin ƙofa, ta faɗi wata magana mai ɗan tsawo, a hankali, tana kallon idona. Surukar ba ta biyo mu ba, ba mai fassarawa. Na ce amin, don ban san abin da zan ce ba, na tafi neman motar da za ta haye gada da ni.